"Alhaji, a Sa Mai?": Tarihin Goge Gaban Mota a Unguwarmu

Duk wanda ya bi ta bakin titin unguwarmu ranar Juma'a da hantsi ya san abin da zai tarar. Motoci sun yi layi a gindin dogon yaro, samarinmu sun naɗe ƙafar wando, wannan yana riƙe da tiyo, wancan yana cuɗa taya da burushi, kowa na sauri a gama kafin a kira salla. Idan an wanke jiki an share kujeru, sai yaron ya ɗauko gwangwani ko wata 'yar gora, ya leƙo ya ce, "Alhaji, a sa mai?" Da wuya ka ji wanda ya ce a'a. Nan take a fesa, a murza, dashbod ya ɗauki ƙyalli kamar goshin jariri ran suna, mai mota ya biya yana murmushi.

Mun saba da wannan tambaya har ba ma jin ta. Amma fa tana da tarihi, kuma tarihin ya shafe mu ta fuska biyu. Da yawa daga cikin 'ya'yanmu da wannan sana'a suke ci suke taimakon gida. Sannan da yawa daga cikinmu, motar da ke ƙofar gidanmu yau ba mu san ranar da za mu iya sauya ta ba. Shi ya sa a wannan fitowa muka ga ya dace mu waiwaya, mu ga inda al'adar shafa wa gaban mota mai ta samo asali, da kuma inda ta kauce hanya.

Kafin mota akwai sirdi

Kakanninmu ba da mota suka shigo Bauchi ba. Tun bayan da Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa garin a 1809 ya kewaye shi da ganuwa, fatake daga ƙasar Kano da Katsina da Zazzau suke ta sauka da jakuna da takarkarai. Wasu su sayar su juya, wasu su ga wuri su zauna. Mu jikokin waɗanda suka zauna ne. A cikinsu akwai majema da dukawa, kuma ko wanda ba sana'arsa ba ce dole ya san sha'anin fata, domin kayan matafiyi kusan duk na fata ne: sirdi da linzami, taiki da salka, gafaka da takalmi.

Fata kuwa ba ta son rana, ba ta son ƙurar hunturu. In aka yi sake da ita sai ta bushe ta tsattsage. Dattawan da muka taras sun gaya mana yadda ake yi mata. Da farko a kakkaɓe ƙura a goge da ɗanyen tsumma. Sannan a lakato man shanu ko man gyaɗa ɗan kaɗan a tafin hannu, a murza har ya shige, abin da ya rage a sama a goge shi tas. Daga nan a rataye a inuwa, cikin zaure ko ɗakin barga. Sirdin da aka laɓta wa mai yana naso, yana ɓata wando, yana kwasar ƙasa, kuma mahayi yana zamewa a kansa. Yaron barga da ya yi haka sai ya sha faɗa. Ku riƙe mana wannan, za mu dawo kansa.

Wani abin sha'awa, shi kansa dashbod daga wurin doki ya fito. A Ingila da Amurka, zamanin keken doki, akwai wani allo na katako ko na fata da ake kafawa a gaban mai tuƙi don ya tare taɓon da kofato ke watsowa. To sunan wannan allon ke nan. Da aka cire doki aka sa inji, allon ya zauna a inda yake yana raba direba da zafin inji, daga baya aka riƙa maƙala masa agogon gudu da na mai da maɓallai. Sunan ya biyo shi har ya faɗo bakinmu.

Zamanin ƙarfe da tsumma

Turawa sun ci Bauchi a 1902. Akwai wani ƙaramin layin dogo da suka laƙaba wa sunan Bauchi, wanda ya taso daga Zariya ya isa Jos da Bukuru a 1914 don kwasar kuza, amma ko sau ɗaya bai taka garin Bauchi ba. Jirgin ƙasa bai iso mu ba sai a 1961, kan hanyarsa ta zuwa Gombe da Maiduguri, inda ya kai a 1964. Saboda haka shekaru masu yawa babbar mota ce ke kwasar gyaɗa da auduga da fatu zuwa Jos, ta dawo da gishiri da kananzir da yadi. Gidaje da dama a unguwar nan da kuɗin tuƙi aka gina su, masu su sun sani.

Motocin wancan zamani, su Bedford da Austin da Marsandi, inji da ƙashin mota ne ke zuwa daga waje, bodi kuwa kafintocin gida ne ke haɗa shi da katako. Abin da ke gaban direba ƙarfe ne aka yi wa fenti, da agogo biyu ko uku. Babu wanda ya taɓa tunanin shafa masa wani abu. Yaron mota ne ke wanki, a rafi in an yada zango, ko da bokiti a tasha. Kayan aikinsa tsumma ne, sai wani lokaci ɗigon kananzir don cire maiƙo. Ba a biyan sa ko kwabo kan wannan, domin wanki wani mataki ne na koyon tuƙi. Tsofaffin direbobinmu sukan ce sun shekara suna wanke mota kafin maigida ya bar su su taɓa sitiyari. Yaron da ke wanki a lokacin yana wanke motar da gobe shi zai shige ta, ya san in ya ɓata wani abu shi zai gani a hanya.

Ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, sababbin motoci suka riƙa zuwa da sitiyari a hagu. Mutane sun daɗe suna zancen wannan sauyi. Amma akwai wani sauyin da ya shigo a kusan lokaci ɗaya ba tare da sanarwa ba, wato abin da ake yin dashbod ɗin da shi.

Yadda roba ta maye gurbin ƙarfe

Ƙarfe yana da babbar illa guda: in aka yi karo, shi fuskar mutum ke fara samu. A shekarun 1930 akwai wani likita a birnin Detroit na Amurka, Claire Straith, wanda aikinsa gyaran fuskokin waɗanda suka yi haɗari. Ya gaji da ɗinke raunukan da maɓallan ƙarfe ke yi wa mutane, ya shiga matsa wa masu ƙera motoci su lulluɓe gaban mota da abu mai laushi. Motar Tucker ta 1948 tana cikin na farko da suka fito da haka, kuma daga 1968 doka ta tilasta shi a Amurka, sauran masu ƙera motoci suka bi sahu. Dashbod ya koma soso a ciki, fatar roba a sama.

Wannan roba, wadda ake kira PVC, asalinta abu ne mai tauri, irin bututun ruwan da muke binnewa a gidajenmu. A 1926 wani masanin haɗa sinadarai mai suna Waldo Semon, a kamfanin B.F. Goodrich, ya gano cewa in aka cuɗa ta da wani sinadari mai kama da mai, takan yi laushi kamar fata. Wannan sinadarin laushi shi ne ran dashbod. Muddin yana ciki, roba tana lanƙwasuwa. In ya fita, ta koma taurinta na asali.

Mu nan, irin waɗannan motoci sun cika gari ne a ɗan tsakanin shekaru kaɗan. Kwamitin Udoji ya miƙa rahotonsa a 1974, a farkon 1975 ma'aikata suka karɓi ƙarin albashi da ariyas. A wannan shekarar ce kamfanin Peugeot, da muke kira Fijo, ya fara haɗa motoci a Kaduna, Volkswagen kuma a Legas. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 Janar Murtala Muhammed ya ƙirƙiro Jihar Bauchi, ma'aikatan da ke Maiduguri, hedikwatar tsohuwar Jihar Arewa Maso Gabas, suka dawo gida da iyalansu. Ga bashin mota gwamnati na bayarwa. A 1979 kamfanin Steyr na ƙasar Ostiriya ya fara haɗa manyan motoci da taraktoci a nan garin. Kafin ka ce kwabo, daga Wunti zuwa Yelwa sai 404 da 504 kake gani, malamin makaranta ma yana da tasa.

Bayan 'yan bazara sai aka fara ganin wani abu da ba a saba ba. Gaban mota, kowace iri ce, ya fara dusashewa, sannan ya tsage, soso mai ruwan ɗorawa ya leƙo. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A watannin Maris da Afrilu zafin garinmu yakan doshi digiri 40. Motar da aka rufe aka bari a rana kuwa, baƙin dashbod ɗinta yana iya kai wa digiri 70 ko ya wuce. Gilashin gaba yana tare mafi yawan hasken rana mai cin roba, na gefe ba ya tarewa sosai, amma zafi babu gilashin da ke tare shi. Zafin nan ne ke korar sinadarin laushi a hankali, kuma shi ne wani ɓangare na wannan hazo-hazo mai maiƙo da kuke gani ya kwanta a cikin gilashin gaba. Sai hunturu ya zo, dare sanyi rana zafi, roba ta miƙe ta tsuke, ta miƙe ta tsuke, alhali ta riga ta bushe. Tsagar takan fara daga bakin ramin iska ko na sifika. In ta fara kuwa, babu man da ke ɗinke ta.

Maganin gida

Jama'armu ba su zauna sun zuba ido ba. Hanya biyu suka bi, kuma duka biyun daga ilimin kakanni suka ɗauko su.

Wasu suka bi hanyar inuwa. Direban tasi ya shimfiɗa tawul. Alhaji ya sa aka jeme fatar ragon layya ya ɗora buzu a gaban mota. Masu ɗinkin kushin suka fara yanka kafet daidai siffar dashbod suna yi masa baki da zare mai tuntu. Wasu suka riƙa jingina kwali a gilashi in sun faka. Waɗannan, ko sun sani ko ba su sani ba, sun kama bakin zaren, domin sun raba roba da abin da ke kashe ta.

Wasu kuma suka bi hanyar mai. Suka duba suka ga abu ya yi kama da fata, ya bushe kamar fata, suka ce ai sai a ba shi abin da ake ba fata. Aka shafa man gyaɗa, aka shafa basilin, aka shafa man shafawar mata. Da abin ya faɗa hannun yaran gareji, sai aka koma man birki, wasu ma baƙin mai. A nan aka yi kuskuren da har yau muke fama da shi. Fata tana shan mai saboda tana da ƙofofi. Roba ba ta sha kamar haka, man a sama yake zama. Man gyaɗa in ya sha zafi sai ya yi ɗoyi ya yi danƙo ya kira kyankyaso. Basilin ya kama ƙurar hunturu ya zama taɓo. Man birki yana cin fenti, ɗigo ɗaya ya isa ya bar tabo. Baƙin mai kuwa yana da illa ga fatar hannun yaron da ke shafa shi kullum, ga warin da yara ke shaƙa a rufaffiyar mota. Ka ga daga cikin ƙa'idojin sirdi, mai kawai muka ɗauka, muka bar gogewa, muka bar "kaɗan", muka bar inuwa.

Ba mu kaɗai wannan matsala ta dama ba. A jihar Kalifoniya ta Amurka, inda rana ke da ƙarfi, wani masanin sinadarai mai suna Joe Palcher ya haɗa wani farin ruwa mai kama da madara a farkon shekarun 1960 don kare roba da taya. Wani ɗan kasuwa, Alan Rypinski, ya ɗauki tallarsa, kuma daga 1972 aka san shi da sunan Armor All. Bayansa kamfanoni da yawa suka fito da nasu. Ƙashin bayan yawancinsu silikon ne, wani sinadari mai santsi da kamfanin Dow Corning, wanda aka kafa a 1943, ya fara yi da yawa a lokacin yaƙin duniya na biyu. Har yau iri biyu ne a kasuwa. Akwai wanda aka dama da ruwa, fari kamar madara, yana bushewa ya bar ɗan sheƙi kaɗan ko ma babu. Akwai kuma wanda aka narkar a cikin dangin fetur, garai-garai mai maiƙo, yawanci a gwangwanin feshi, shi ne mai ƙyallin nan da ido ke so. Aikin na ƙwarai a cikinsu shi ne ya bar wata siririyar riga a saman roba da ke rage cin rana da kama ƙura. Babu wanda ke mayar da sinadarin laushin da ya riga ya fita.

Kwatano da haihuwar sana'ar wanki

A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Sai aka koma motocin da Turawa suka gama hawa, waɗanda ake lodi daga Beljiyam a sauke a Kwatano, matasanmu su je su koro su. Daga baya na Amurka da Kanada suka biyo. Mota ta yi shekara goma ko fiye a ƙasar sanyi, rana ɗaya ta tsinci kanta a fake a bakin kasuwar Muda Lawal cikin watan Afrilu. Dashbod ɗin da ya zo lafiya lau, bazara biyu sai ka ga ya fara nuna gajiya.

A wannan zamani ne wankin mota ya tashi daga aikin yaron mota ya zama sana'a mai zaman kanta. An fara da 'yan ga-ruwa da jarkoki, aka zo aka haƙa burtsatse, aka sayi janareta da injin feshi. Alhamdu lillahi, sana'a ce ta halal da ta rufa wa gidaje da yawa asiri a unguwar nan. Akwai waɗanda da ita suka yi karatu, akwai waɗanda da ita suka yi aure.

Sai dai wani abu ya sauya. Yaron mota na da, shi da motar da maigidanta kullum suna tare. Mai wanki na yanzu yana ganin mota rabin awa ne, watakila ba zai sake ganin ta ba. To da me zai nuna ya yi aiki? Da ƙyalli. Ƙyalli ya zama rasit ɗinsa. Dillalan mota su ma suka gane cewa gaban mota mai walƙiya yana ɓoye tsufa a idon mai saye. Mu faɗi gaskiya kuma, mu masu motoci mu muka koya musu. Sau nawa muka ga yaro ya goge dashbod tas da ruwa da sabulu, mai mota ya leƙa ya ce, "Kai, ba ka yi komai a ciki ba"? Gobe kuwa yaron nan zai zazzaga rabin gwangwani don kada a sake faɗa masa haka. Wanda ba shi da kuɗin gwangwani sai ya haɗa nasa a gorar ruwa, babu suna babu bayani, shi kansa bai san iyakar abin da ke ciki ba.

Kyan ɗan maciji

Wannan ƙyalli yana da farashi, kuma a kan hanya ake biyan sa. Da yawa daga cikinmu ba mu manta da wani maƙwabcinmu ba, shekarun baya, da ya kai motarsa wanki don zai kai amarya Jos. Aka yi wa gaban motar wanka da mai har yana ɗaukar ido. Suka tashi bayan la'asar. Kun san hanyar Jos yamma take fuskanta. Suna wuce Nabordo rana ta sauko daidai fuska, hasken ya daki dashbod ya koma kan gilashi, gilashin ya zama madubi. Ya ce shi dai hoton gaban motarsa kawai yake gani a maimakon kwalta. Allah ya kiyaye, gefen hanya ya sauka, taya ta fashe, babu wanda ya ji ciwo sai tsoro. Wanda ke tafiya Gombe da sassafe, tsakanin Dindima da Alkaleri, shi ma da wannan ranar yake karo ta gabas.

Masu ƙera motoci sun san da haka. Da gangan suke yin saman dashbod da launi mai duhu, marar sheƙi, mai ɗan kaushi, don kada ya mayar da haske kan gilashi. Mu kuma mu biya kuɗi a warware mana wannan dabara. Yawancin motocin yanzu ma an sauya irin robar, ba ta dogara da sinadarin laushi kamar ta da, kuma littafin da ke zuwa da mota abin da yakan ce shi ne a goge da ɗanyen tsumma da sabulu marar ƙarfi.

Ba ƙyalli ne kaɗai haɗarin ba. Feshi yana tashi ya sauka a kan sitiyari da kan giya da fedar birki, hannu ko takalmi ya zame a lokacin da ba a so. Yana shiga gilashin agogo ya dusashe shi. Gwangwanin kansa, ku duba jikinsa, an rubuta kada ya sha zafin da ya wuce digiri 50, mu kuwa a cikin aljihun mota muke aje shi.

Shi ma buzu zamaninsa ya zo da gyara. Tun daga 1998 doka a Amurka ta wajabta jakar iska ta kariya a gaban direba da na mai zaman gaba, kuma yawancin motocin da muke hawa yanzu suna da ita. Ta gefen fasinja a cikin dashbod take, kuma in an yi karo takan fasa murfinta ta fito cikin ƙasa da ƙiftawar ido. Duk abin da aka ɗora a kan murfin, buzu ne ko kafet mai nauyi ko kwalbar turare da aka manne da gam, ko dai ya tare ta ko ta harbo shi fuskar wanda ke zaune. Mai son shimfiɗa a gaban mota ya nemi wurin da aka rubuta alamar jakar, ya sa a yanke masa rigar ta bar wurin a buɗe.

Da tsohuwar zuma

Akwai wani dattijo a unguwar nan, tsohon direban Bauchi zuwa Kano ta Ningi, wanda har ya aje tuƙi gaban 504 ɗinsa bai tsage ba. Wata rana a majalisa bayan magariba wani saurayi daga masu wanki ya tambaye shi, "Baba, wane mai kuke sa mata?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, man da nake sa mata shi ne gindin tsamiyar tasha. In babu inuwa, in rufe ta da tsohon zani. Kullum da safe in goge da ɗanyen tsumma. Mai kuwa sai wata ya zagayo, shi ma a tsumma nake ɗiga shi, in goge har sai na shafa hannu ban ji komai ba." Baba bai taɓa jin sunan PVC ba, amma abin da ya faɗa shi ne ƙa'idar sirdi ba ragi ba ƙari.

Yau maganar ta fi jiya nauyi. A ranar 1 ga Janairu 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin man fetur, naira ta sake faɗuwa, kuɗin mota da na kayan gyara suka yi tashin gwauron zabi. Dashbod ɗin da a da za ka je wurin masu kayan Beljiyam ka sauya, yanzu sai ka yi dogon lissafi, balle mai jakar iska a ciki. Wanda yake da mota ya riƙe ta da kyau.

Saboda haka ga abin da muke roƙon samarinmu masu wanki, kuma ba sabon abu ba ne. A ja mota inuwa, a bar gabanta ya huce, domin mai a kan roba mai zafi bushewa yake ya bar zane. A fitar da ƙura da burushi mai laushi, har cikin ramukan iska. A goge da ɗanyen tsumma da ɗan sabulu marar ƙarfi, ban da omo, a bi da busasshe. In za a sa mai, a nemi farin nan mai kama da madara wanda ke da suna da bayani a jikinsa, a gwada shi tukuna a wani lungu da ido ba ya kai wa. A zuba a tsumma, kada a fesa kai tsaye. A shafa siriri, a ba shi 'yan mintoci, a bi da wani tsumman mai tsabta har ƙyallin ya kwanta. Sitiyari da giya da feda da gilashin agogo da allon taɓawa, kada mai ya kusance su. Man birki da baƙin mai kuwa a bar su a gareji inda suke da aiki.

Mu kuma masu motoci, nauyin da ke kanmu ya fi nasu. Aikin da aka yi ta wannan hanya ya fi ɗaukar lokaci, kuma idan an gama ba ya ɗaukar ido. In muka ci gaba da auna aiki da ƙyalli, yaron da ya yi gaskiya shi zai rasa kwastoma, wanda ya zazzaga gora shi zai samu. Mu koyi shafa yatsa a kan dashbod maimakon kallon sa: in yatsa ya fito a bushe babu ƙura babu maiƙo, an yi aiki, a biya yaro haƙƙinsa cikakke, in da hali a ƙara masa. Shugabannin masu wanki na unguwa su ma muna fata za su zauna da yaransu kan wannan, musamman sababbin shiga, kamar yadda iyayen gidan mota na da suke zaunar da nasu.

Juma'a mai zuwa, in yaro ya leƙo ya ce, "Alhaji, a sa mai?", amsar da kakanninmu za su ba shi ita ce: goge tukuna, sa kaɗan, sannan ka nemo mata inuwa. Allah ya sa albarka a sana'ar 'ya'yanmu, ya kuma tsare mu a hanyoyinmu, amin.